Uwar Bakwaini Ma Tana Buƙatar Jinya: Abin Da Za A Yi Da Wanda Ba Za A Yi Ba

Na je barka wani gida a Kurawa, na tarar da ɗakin mai jego cike da mata, ba masaka tsinke. Jaririn bakwaini ne, an naɗe shi cikin zannuwa uku, kansa bai wuce lemun zaƙi ba. Kowace mace sai ta leƙa shi ta faɗi dabarar da ta sani: wannan ta ce a matso da kaskon garwashi, waccan ta ce a shafe shi da man shanu. Uwar kuwa tana zaune bakin gado ta jingina da bango, don in ta kwanta numfashi yanke mata yake yi. Ƙafafunta sun yi suntum, har igiyar silifas ta bar mata zane. Na sa babban yatsa na danna ƙaurinta, na ɗaga, ramin ya tsaya bai cike ba.

Na ce da uwar mijinta, "Inna, tun yaushe take haka?"

Ta ce, "Jego ne, ɗiyata. Ruwan zahi ne bai ratsa ta ba tukuna. In an ƙara wuta za shi sauka."

Babu wanda ya ƙi yarinyar nan a gidan. Tsohuwar ce ke tashi tun asuba ta dafa mata ruwan wanka, da itacen da a yanzu sai an sai da rai ake shiga daji a samo shi. Amma hankalin kowa ya koma kan ɗan, ba wanda ya tsaya ya tambayi abin da ya sa cikin ya sauko lokacinsa bai yi ba. Washegari da aka kai ta asibiti, sai aka ga zuciyarta ce ta raunana, ruwa ya taru mata a huhu.

A lissafin asibiti, duk ɗan da aka haifa kafin ciki ya cika mako 37 bakwaini ne, ko da ya haura wata bakwai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta an haifi irinsu miliyan 13.4 a 2020, kuma Najeriya ce ta uku a yawansu bayan Indiya da Pakistan. A Jihar Sakkwato, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna haihuwar da ake yi a asibiti ba ta kai ɗaya cikin goma ba. Ke nan yawancin iyayen bakwaini a Kurawa da Gatawa da Tsamaye da ƙauyukan Isa, duk a ƙasar Gobir, babu ma'aikacin lafiyar da ya sa su a ido ranar da suka haihu. Saboda su nake wannan rubutu, kuma ba da lallashi zan yi shi ba. Maganar ta mai jego ce, amma ta fi hawa kan masu iko da ita: miji, uwar miji, uwar da aka je wa wankan gida, unguwarzoma, da mai kemis na bakin kasuwa.

Kada a ɗauka an gama da uwa ranar da aka yanke cibi. Hawan jini na sauko da ciki da wuri, ciwon suga na sauko da shi, haka ƙarancin jini, zazzaɓin cizon sauro, ciwon sanyi na mafitsara ko na gaba, ƙuruciyar uwa, haihuwa kusa da kusa, da tagwaye. Wani sa'in a bincika a rasa dalili. To amma in dalilin yana jikin uwa, fitar ɗa ba ta fitar da shi. A Amurka an bi diddigin ma'aikatan jinya mata kimanin dubu 70 shekara da shekaru, sakamakon da aka fitar a 2017 ya nuna waɗanda suka taɓa haifar bakwaini sun fi saura gamuwa da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da kusan kashi 40 cikin 100. A Suwidin an bi mata fiye da miliyan 2, aka ga makamancin haka, har da hawan jini da ciwon suga, kuma haɗarin na nan ko bayan shekara 30. Ba kowace ce abin zai samu ba, yawancinsu za su tsufa lafiya. Amma waɗancan matan asibiti na ƙofar gidansu, matan Gobir kuwa sai sun yi tafiya.

A auna mata jini, a kuma rubuta abin da aka gani. Sau huɗu ne aƙalla: ranar haihuwa, kwana na 3, tsakanin kwana 7 da 14, sai mako 6, wato gab da arba'in ko bayanta kaɗan. In lamba ta sama ta kai 140 ko ta ƙasa ta kai 90, hawan jini ne, sai an ga ma'aikacin lafiya. In ta kai 160 ko 110, ba a kwana da ita a gida. Jinin mai jego ya fi hawa tsakanin kwana 3 da 6 bayan haihuwa, daidai lokacin da gida ya ruɗe da dakan suna da neman rago, ita kuma tana ɗaka tana cewa kanta na sarawa ana ce mata rashin barci ne. Abin awon jini mai batir ba ya fin ƙarfin ƙungiyar mata ko masallacin unguwa, kuma duk wanda ya iya karanta lamba zai iya koyon aiki da shi. In an ba ta maganin hawan jini, kada ta daina don ta ji sauƙi, kada kuma a hana ta don tana shayarwa. Likita ya san irin wanda ba ya cutar da ɗa. Bayan arba'in, a ci gaba da awo ko sau ɗaya a shekara har tsufa.

Kada a kira jijjiga iska. Mutane da yawa sun ɗauka in an haihu an tsallake ta, alhali tana iya zuwa kwanaki bayan haihuwa. Kafin ta zo takan yi sallama: ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, gani dishi-dishi ko ganin walƙiya, ciwo a saman ciki ƙarƙashin haƙarƙarin dama, kumburin fuska da hannuwa har zobe ya ƙi fita. In ta faɗi tana taune-taune, a kwantar da ita a gefenta na hagu, a kawar da wuta da duk abin da zai ji mata ciwo. Kada a tura mata cokali a baki. Kada a ɗura mata ruwa ko rubutu, domin huhu zai tafi. Kada a rufe ta da bargo a banka mata hayaƙi. Addu'a a yi ta a kan hanyar asibiti. Akwai allurar da ke tsayar da jijjiga, magnesiyam salfet, mai araha ce. Da aka shigar da ita asibitoci 10 na Jihar Kano a 2008, mutuwar masu wannan ciwo ta sauko daga kimanin 20 cikin 100 zuwa ƙasa da 3.

A rage kanwa. Na san a nan za a ja da ni, don haka zan faɗi abin da aka gani ɗaya bayan ɗaya. A shekarun 1970 wasu likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, suka rubuta cewa kusan ɗaya cikin 100 na masu jego a yankin zuciyarsu na gazawa bayan haihuwa, adadin da ba a saba ganin irinsa a duniya ba. Suka danganta abin da kunun kanwa, da wankan tafasasshen ruwa safe da yamma, da kwanciya a gadon ƙasa da ake hura wa wuta a ƙarƙashi. A 2007, a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, Isezuo da Abubakar suka samu ɗaya cikin haihuwa 102. Daga baya Farfesa Kamilu Ƙaraye na Jami'ar Bayero ya jagoranci bincike a asibitoci da dama na Najeriya, ya nuna abin da ya fi jawo ciwon shi ne hawan jinin ciki, ramewar uwa da talauci, kuma ya ga ƙarancin wani sinadari, seleniyam, a jinin masu ciwon. Wanka da kanwa ba su ɗauki laifin da aka daɗe ana ɗora musu ba. Na kawo wannan don kada a ce na yi wa al'adar iyayenmu ƙazafi.

Duk da haka kanwa dangin gishiri ce, kuma gishiri ruwa yake riƙewa a jiki. Macen da ta haifi bakwaini saboda hawan jini, ko wadda ƙafarta ta kumbura, in aka cika mata ƙoƙo da kunun kanwa sau uku a yini, kamar an ƙara wa jakin da ya durƙusa kaya ne. Irin wannan mace ba ta shan kanwa sam. A dama mata kunun gero da tsamiya ko na gyaɗa, nono zai zo da shi. A rage dunƙulen miya da gishirin da ake zambaɗawa a yajin jego, a ɗaga mata ɗanwake na ɗan lokaci. Wanka a yi shi da ruwan da mai wankan za ta iya tsoma gwiwar hannunta ta bari a ciki, ganyen darbejiya ko na tsamiya ba laifi. Ruwan da ke saɓule fata ba ya korar sanyi, ƙuna yake bari. Kada a kwantar da ita kan wuta, kada a rufe ɗaki da garwashi a ciki, hayaƙinsa marar wari yana kashe uwa da ɗa cikin barci.

Kada a ƙara wuta in an ga haki. Mai jegon da ba ta iya kwanciya sai ta tara matasai, wadda tari ke tashinta da dare, wadda ta je bayi ta dawo tana numfashi sama-sama, wadda cikinta da ƙafarta ke ƙara kumbura bayan haihuwa maimakon su saɓe, zuciyarta ce. Magani na aiki in an zo da wuri, wasu ma zuciyar na komawa daidai. Wadda aka tabbatar mata da wannan ciwo, haramun ne a kan mijinta a wajen lafiya ya bari ta sake ɗaukar ciki kafin a yi mata hoton zuciya likita ya ce ta warke. Ciki na gaba kan zuciyar da ba ta murmure ba ya kai mata da yawa kushewa.

A fara tatsar nono tun ranar farko, ko ɗan bai iya kama mama ba. A jikin mutum akwai wasu sinadarai da ake kira homon, 'yan aike ne da ke bin jini suna kai saƙo daga wannan gaɓa zuwa waccan. Ɗaya ke cewa mama ya haɗa nono, wani ke cewa ya sake shi, kuma ba sa tashi aiki sai an tsotsa ko an tatsa. Bakwaini ba shi da ƙarfin tsotsa, don haka in aka zauna jiran ya yi ƙwari, nono ƙafewa zai yi. A wanke hannu, a tatsa cikin kofi mai tsabta aƙalla sau 8 tsakanin dare da rana, a ba shi da ƙaramin kofi ko cokali. Kada a zubar da dakashi. Wannan rawayen ruwan farko shi ne rigakafin ɗan, kuma bakwaini ya fi kowa buƙatarsa. Kada a ba shi madarar shanu ko ta akuya ko ruwan zafi. A ɗaure shi a ƙirjin uwa, fata da fata, da hula a kansa, a ja zane a kansu su biyu. Wannan goyon ƙirji a Bogota ta ƙasar Kolombiya aka fara shi a 1978 saboda ƙarancin kwalbar jarirai, a 2022 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara shi nan take bayan haihuwa. Ɗumin uwa ya fi garwashi, kuma ita ma tana samun rabonta: nono na saurin zuwa, hankalinta na kwanciya. In ta gaji, kaka ko uba su karɓa. Babu abin kunya a namiji ya ɗumama ɗansa.

Amma kada a yi ta ɗura wa mace kunu ana zaginta in nono ya ƙi zuwa sam bayan ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa. A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar tsoka, ba ta wuce ƙwayar wake ba, ita ce uwar ɗakin yawancin 'yan aiken nan. Tana girma lokacin ciki, kuma in jini ya zuba har ya kasa kaiwa gare ta, sashenta na mutuwa. Wani likita ɗan Ingila, Harold Sheehan, ya bayyana wannan a 1937. Alamarsa ta farko rashin nono. Sai al'ada ta ƙi dawowa ko an yaye ɗa, gashin hammata da na gaba su zube, mace ta yi fari fat, ta riƙa jin jiri in ta miƙe, sanyi ya dame ta, ta kasa ko daka. Abin na iya ɗaukar shekaru yana cin ta a hankali. A ƙauyukanmu irin wannan mace raguwa ake ce mata, ko a ce sammu ne, ko maye ya kama ta, wata har saki ya biyo baya. Gwajin jini na gano shi a babban asibiti irin na koyarwa a Sakkwato, kuma ƙwayoyin da ke maye gurbin abin da jiki ya daina yi suna dawo da mace mutum. In ba a gano ba, zazzaɓi ko gudawa kaɗan na iya kayar da ita. Duk wadda ta ga waɗannan alamu, ta faɗa wa likita da bakinta: "Na zubar da jini a haihuwata, kuma ban yi nono ba." Wannan magana kaɗai na iya buɗe masa ido.

A duba wuyanta. Gaban maƙogwaro akwai tsokar da likitoci ke kira tayirod, wadda in ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Ita ke saita saurin aikin jiki. Kimanin mace ɗaya cikin 20 tana rikice mata a shekarar farko bayan haihuwa. Da fari sai ta yi gudu: faɗuwar gaba, zufa, rawar hannu, rama, saurin fushi. Bayan wata huɗu zuwa takwas sai ta yi sanyi: kasala, jin ɗari a tsakiyar bazara, zubewar gashin kai, taurin bayan gida, mantuwa. Yawanci takan daidaita da kanta, wasu kuma sai sun dawwama kan magani. Kada a yanke wa mace hukuncin ta canja hali kafin a yi mata gwaji. Gishirin da za ta ci kaɗan ne, amma ya zama mai aidin, wanda doka ta wajabta a Najeriya tun 1993, a kuma ajiye shi a rufe.

A gwada suga tsakanin mako 6 da 12 bayan haihuwa. Mabiyiya na fitar da homon da ke dakushe insulin, sinadarin da ke shigar da suga daga jini zuwa tsoka, shi ya sa wasu mata sugansu ke hawa lokacin ciki. In mabiyiya ta faɗi yakan sauka, amma kusan rabin waɗanda suka yi sugan ciki ciwon na dawo musu daga baya ya zauna. In an auna da safe kafin a ci komai aka ga 7.0, ko 126 a wani ma'aunin, ciwon suga ne, sai a maimaita a tabbatar. In lafiya lau ne, a sake duk shekara, ko aƙalla duk shekara 3. Wadda ta taɓa haifar ɗa mai nauyin kilo 4, ko ɗa ya mutu mata a ciki, ko akwai mai suga a gidansu, ita ce kan gaba a layi. Kada a ce ai siririya ce. Sirara ma na yi. Kada a haɗa wannan da zaƙin da ake ba masu ciki jiƙo dominsa, jiƙon ba ya sauke suga. Yawan ƙishirwa, tashi fitsari sau da yawa cikin dare, tururuwa na bin inda ta tsuguna, ƙaiƙayin gaba da ba ya jin magani, duk na aika mutum gwaji. Masu zuwa barka su daina jibge mata kwalaben lemo. Wanda ke son alheri ya kawo wake ko ƙwai ko kifi. Fura a dama ta da nono ba suga.

Kada ta sha sha-ka-fashe. Mai jego ta rame, kishiya ta cika, ƙawa ta raɗa mata a kunne cewa akwai ƙwaya a kemis. Yawancin ƙwayoyin nan deksametason ne. Shi ne dai maganin da likita ke yi wa mai naƙudar bakwaini allurarsa sau huɗu cikin kwana biyu don huhun ɗa ya nuna, kuma a can rahama ne, kada a ƙi shi. Amma a sha shi kullum wata da watanni, fuska ta yi fam, ciki ya fito, cinyoyi su tsotse, nankarwa ta tsattsaga fata, suga da jini su hau, ƙashi ya yi laushi, kowace cuta ta samu ƙofa. Wannan kumburi ne, ba ƙiba ba. Ga macen da dama haihuwarta ta nuna tana bakin hawan jini da suga, tura ta rami ne. Wadda ta riga ta daɗe tana sha kada ta yanke rana ɗaya, domin jikinta ya daina haɗa nasa, tana iya faɗuwa. Ta je asibiti a rage mata sannu a hankali. Man bilicin da yawa na ɗauke da dangin wannan magani, kuma fata na shanye shi, ga jariri manne a ƙirji. Kai kuma mai kemis, ka san abin da kake ƙullawa a leda, ita ba ta sani ba. Amana ce a wuyanka, kuma za a tambaye ka.

A ciyar da ita, a gyara mata jini. A ja fatar idonta ta ƙasa a duba, a buɗe tafin hannunta: in sun yi fari, jini ya yi ƙasa. Kwaɗayin cin ƙasa ma alama ce. Jar ƙwayar ƙarin jini a ci gaba da ita mako 6 zuwa 12 bayan haihuwa, fiye da haka in likita ya ce. Tana baƙanta bayan gida, ba komai ba ne. Kada a haɗiye ta da shayi, yana hana ta shiga jiki. Zogale, rama, yakuwa, wake, gyaɗa, kuka, duk muna da su. Ƙaurin jego al'ada ce mai kyau, a riƙe ta, a rage mata gishiri. Hantar ragon suna ta mai jego ce kafin ta kowa. Malam mai gida, in kuɗinka ba su isa rago da awon matarka ba, ka tambayi malamai wanne ke jira. Za su gaya maka rai ba ya jira. Azumi kuwa shari'a ta yi wa mai shayarwa sauƙi in ta ji tsoro ga kanta ko ɗanta, kada a kunyata ta don ta karɓi sauƙin.

Kada a yi rurrutsa. Babu abin da ya fi nuna mace za ta haifi bakwaini kamar ta taɓa haifarsa, kuma cikin da ya shiga 'yan watanni bayan haihuwa na ƙara haɗarin. Shawarar masana lafiya a bar wata 24 kafin wani ciki, wanda ya yi daidai da shekara biyun shayarwa da addini ya ambata. Kada a dogara da shayarwa ita kaɗai. Tana tsare ciki ne in ɗa bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba, uwar bakwaini da ke tatsa kuwa ba ta cika samun wannan kariya ba. Akwai ashana ta damtse, akwai allura, akwai roba ta mahaifa. Wata ƙwayar tazarar ba ta dace da mai hawan jini ko mai ciwon zuciya ba, saboda haka ba a saye a kemis, sai an auna jini an zaɓa mata. Mata da yawa sun san wannan duka, izinin miji suke jira.

Kada a zarge ta, kada kuma a ƙyale ta da kuka. In mabiyiya ta fita, homon na faɗuwa lokaci guda, shi ya sa mai jego kan yi kuka ba dalili kwanakin farko. Wannan na wucewa kafin mako biyu. In ya zarce, ba ta ci, ba ta barci ko ɗa ya yi barci, ba ta son ganinsa, ko tana maganar gara ta mutu, ciwo ne mai magani, ba ƙarancin tawakkali ba. Kada a bar ta ita kaɗai. In kuma ɗan ya koma, duk abin da na lissafa yana nan a kanta: awon jini, gwajin suga, ƙwayar ƙarin jini, tazara. Wadda abin ya maimaita mata sau biyu ko uku, kada a sa mata suna mai wabi a naɗe hannu. Wata bakin mahaifarta ne ke buɗewa da wuri, kuma ana ɗinke shi a farkon ciki ya riƙe har wata tara.

In wani ciki ya shiga, a fara awo tun wata na biyu ko na uku, ba sai ya fito ba. Kunyar ɓoye ciki ba ta wannan mace ba ce. Ta faɗa wa malamar awo cewa ta haifi bakwaini, a wata nawa, da ko ta yi kumburi ko jijjiga. Wadda ta yi hawan jinin ciki akan ɗora ta kan ƙaramin asfirin daga mako na 12, da ƙwayar kalsiyam, amma da umarnin likita. Ta karɓi Fansidar na masu ciki aƙalla sau 3, ta kwana cikin gidan sauro, a duba mata fitsari.

Kada a jira dare. Kowa a ƙasar Gobir ya san abin da hanya ta zama. Tun 2019 dubban mutanenmu suka tsallaka jihar Maraɗi ta Nijar, a 2024 kuma Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hanyarsa ta dawowa daga Sakkwato 'yan bindiga suka tare shi, bai dawo da rai ba. In hanya ba ta bar sarki ba, ba za a ɗora mata ran mai jego da ƙarfe biyun dare ba. Alamar da aka gani da hantsi a tafi da ita da hantsi, ko da za a je a ce ba komai. Mace mai kumburi, ko hawan jini, ko wadda cikinta na baya ya zo da matsala, a kai ta wajen dangi kusa da babban asibitin Sabon Birni ko na Isa, ko Sakkwato, ko Maraɗi ga waɗanda can ya fi musu kusa, tun kafin naƙuda, ta zauna har a ga jininta ya daidaita. A sayar da akuyar tun da wuri a ƙulle kuɗin mota. A san 'yan'uwa biyu da za su ba da jini, a riƙe lambar direba.

Katin asibitinta a sa shi a leda a ɗaure, a ajiye inda hannu zai kai gare shi in an tashi gudu cikin duhu. A ɗauki hotonsa da waya a tura wa wani ɗan'uwa a birni. A bayansa a rubuta watan da cikin ya sauko, lambar jininta ranar arba'in, sakamakon suga, da sunan duk maganin da take sha.